Bashin Haraji da Karayar Arziki: Daga Babin Taflisi zuwa Dokokin Kaduna

Gabatarwa

Sabon Tasha unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar da ta nufi Kachia. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ta bunƙasa bayan buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, sannan ta ƙara cika bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, lokacin da mazauna birnin suka rarrabu tsakanin arewa da kudancin kogi. Jama'arta sun haɗa da masu shaguna da masu sana'ar hannu da ƙananan ma'aikata da waɗanda rufe masaƙun Kakuri ya raba da aikinsu. A irin wannan wuri ne tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa take fitowa fili: me ya kamata hukuma ta yi da mutumin da haraji ya taru a kansa, tara ta hau, alhali duk abin da ya mallaka bai kai abin da ake binsa ba? Wannan maƙala ta bi tarihin amsoshin da aka ba wannan tambaya a ƙasar Kaduna, tun daga littattafan Malikiyya da alƙalai suka yi hukunci da su, zuwa harajin En'e, zuwa dokar karayar arziki da Nijeriya ta gada daga Ingila.

Taflisi a fiƙihun Malikiyya

Malamai suna kiran wanda bashi ya cinye dukiyarsa muflisi, hukuncin da alƙali yake yankewa a kansa kuma taflisi. Asalin babin yana cikin aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a saurara wa mai ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri (RA) labarin wani mutum da ya yi asara a 'ya'yan itatuwan da ya saya, bashi ya yi masa yawa. Manzon Allah (SAW) ya sa a yi masa sadaka, abin da aka tara bai isa ba, sai ya umarci masu binsa su ɗauki abin da suka samu, ya sanar da su cewa ba su da wani abu bayan wannan. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa yadda Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) ya yi shela game da Usaifi'u na ƙabilar Juhaina, ya kira masu binsa bashi su zo a raba musu dukiyarsa.

A kan waɗannan asali ne Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka fi riƙewa, suka shimfiɗa matakai. Idan masu bin bashi suka kai ƙara, aka tabbatar bashin ya fi dukiyar, alƙali zai hana muflisi tasarrufi a cikinta. Basussukan da wa'adinsu bai yi ba sai su zama na biya nan take. A sayar da kayansa ba tare da gaggawar da za ta karya farashi ba, a raba kuɗin gwargwadon bashin kowa. Misali, idan ana bin mutum 600,000 tsakanin mutum uku, aka sami 300,000, kowannensu zai karɓi rabin haƙƙinsa. Wanda yake riƙe da jingina ya fi cancantar abin da aka jinginar masa, wanda kuma ya tarar da hajarsa tana nan yadda take yana iya ɗaukar abinsa, sai dai a wurin Malikiyya wannan fifiko yana faɗuwa idan mai saye ya mutu. Ana bar wa muflisi tufafinsa da abin da zai ciyar da iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai sami sauƙi, kuma ba a tilasta masa yin ƙodago don ya biya. Ana tsare wanda ba a san halinsa ba har ya kawo shaidu kan rashinsa ya yi rantsuwa, ana matsa wa mawadacin da yake taurin bashi, amma wanda ƙuncinsa ya tabbata babu hanyar tsare shi.

Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan tsari. Na farko, fifiko tsakanin masu bin bashi yana zuwa ne daga alaƙar haƙƙinsu da wani kaya takamaimai, ba daga girman matsayinsu ba. Na biyu, ragowar bashin ba ya gogewa daga wuyan muflisi a wurin jumhurin malamai, amma ba ya ƙaruwa ko da anini, kuma ba a bin sa har sai ya sami wadata. Shari'a ta kuma buɗe masa wata ƙofa, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka.

Bashin Baitulmali da mas'alar tara

Malamai ba su bar bashin hukuma a waje da wannan ƙa'ida ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya bayyana a cikin al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa wanda ya kasa biyan kharaji saboda ƙunci ana jinkirta masa zuwa wadata, ya kuma kawo ra'ayin Abu Hanifa cewa ƙunci yana kayar da shi gaba ɗaya. Tsarewa ko sayar da kaya sun shafi mai hali ne da ya ƙi biya. Abu Yusuf, a littafin al-Kharaj da ya rubuta wa Halifa Harunar Rashid, ya hana masu karɓar haraji dukan mutane ko tsayar da su a rana. Muslim ya ruwaito cewa Hisham ɗan Hakim (RA) ya wuce wasu manoma a Sham an shanya su a rana saboda haraji, ya yi inkarin haka, ya faɗa wa gwamnan hadisin da ya yi gargaɗi ga masu azabtar da mutane a duniya, aka sake su. Waɗannan manoma ba Musulmi ba ne, abin da ya nuna kariyar ta game duk wanda yake ƙarƙashin hukuma. A shekarar fari da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, an ruwaito cewa Umar (RA) ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi har sai da ruwa ya sauka.

Tara kuwa tana da saɓani. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana ladabtarwa da karɓar dukiya, saboda tsoron kada ta zama ƙofar da azzaluman shugabanni za su riƙa cin dukiyar talakawa. Wasu sun halatta ta a wasu wurare, daga cikinsu Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim da Ibn Farhun na Malikiyya a Tabsiratul Hukkam, suna kafa hujja da hadisai irin na Bahz ɗan Hakim game da wanda ya hana zakka da gangan. Amma ko a wurin masu halattawa, tara horo ce ga mai laifi. Ƙarin da yake hawa kan bashi saboda wucewar lokaci kawai, ko mai bashin yana da hali ko ba shi da shi, shi ne siffar ribar Jahiliyya da ayoyin da suka gabaci aya ta 280 suka rushe.

Ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa

Haraji yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da sarakunan Haɓe suke ɗora wa mutane ba bisa Shari'a ba. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano don ya nuna wa sababbin shugabanni hanyoyin shigar kuɗi da Shari'a ta yarda da su. Duk da haka, kafin tsakiyar ƙarni na 19 harajin gargajiya ya dawo a manyan masarautu. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa. Akwai kuma kuɗin rafi a kan noman rani, da kuɗin karofi a kan masu rini. A Zazzau ana karɓar kuɗin galma, garuruwan da ba na Musulmi ba a kudancin masarautar kuwa suna kai gandu a dunƙule.

Ke nan alƙali yana da babin taflisi a littafinsa don basussukan kasuwa, amma haraji yana bin wata hanya dabam: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa jakada, daga jakada zuwa hakimin da yake zaune a birni. Talakan da ya kasa biya ba gaban alƙali yake zuwa ya tabbatar da ƙuncinsa ba. Abin da yake gabansa shi ne roƙon dagaci, ko taimakon dangi, ko ƙaura zuwa ƙasar wani hakimi. Da yake ƙasa tana da yalwa, kuma darajar hakimi tana cikin yawan talakawansa, tsoron ƙaura ya kan rage tsananin masu karɓa.

Harajin En'e

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya fitar da dokokin haraji na 1904 da 1906, waɗanda suka nufi haɗe harajojin da a wuri ɗaya da raba kuɗin tsakanin gwamnatin Turawa da sarakuna. Aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa Baitulmalin En'e, wanda aka fara gwadawa a Katsina ƙarƙashin Razdan Palmer. Sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Ingila. Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, ƙauyukan Gbagyi da suke kudancin kogi kuma suka ci gaba da biya ta hannun En'en Zazzau.

Yadda aka tsara wannan haraji ne ya toshe hanyar jinkirtawa. Ana yanka wa gari jimillar kuɗi, dagaci ya rarraba wa magidanta, kuma shi ake tambaya idan ba ta cika ba. Dagacin da kuɗinsa suka gaza yana iya rasa rawaninsa, don haka ƙuncin talaka ɗaya ya zama barazana ga mai karɓa. Lokacin karɓa ya dace da kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha, sai manomi ya sayar da abincinsa da rahusa ya sayo shi da tsada a bazara. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya ci bashin ɗan kasuwa a kan amfanin gonar baɗi, ko ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani. Haka bashin hukuma yake juyewa ya zama bashin ruwa a hannun mai kuɗi. An ga tsananin wannan a yunwar 1913 zuwa 1914 da Kanawa suke kira Kakalaba, da kuma shekarun 1930 lokacin da farashin gyaɗa da auduga ya faɗi ga kuma fara. Akan yi rangwame a wasu shekaru, amma rangwamen alfarma ce da Razdan yake yi wa gunduma, ba haƙƙi ba ne da mutum ɗaya zai nema a kotu kamar yadda fiƙihu ya tanada.

Wannan ne ya sa haraji ya zama jigon siyasar jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Magadanta a jam'iyyar PRP, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, sun shelanta soke haraji da jangali da suka hau mulki a Oktoban 1979. Matakin ya ɗauke wa manomi tsohon nauyi, amma bai amsa tambayar ba, domin harajin kuɗin shiga da na kamfanoni da kuɗaɗen ƙananan hukumomi sun ci gaba, kuma su ne suke hawa kan mazauna birni.

Dokar karayar arziki

A wannan shekarar ta 1979 ne gwamnatin soja ta kafa dokar karayar arziki ta ɗaiɗaikun mutane, wadda aka gina a kan dokar Ingila ta 1914. Ita wannan al'ada ta Ingila ta soma ne da dokar 1542 a zamanin Sarki Henry na Takwas, wadda ta ɗauki wanda ya karye a matsayin mai laifi. A farkon ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Anne, aka shigo da abin da fiƙihu bai sani ba a matsayin hukuncin alƙali, wato wanke mai bashi daga ragowar bashinsa idan ya miƙa duk abin da ya mallaka. A 1869 aka soke ɗaure mutum saboda yawancin basussuka. Sai dai gwamnati ta keɓe wa kanta matsayi. Dokar 1914 ta sa harajin shekara guda cikin abin da ake fara biya kafin sauran masu bin bashi, ta kuma hana wankewar ta shafi wasu basussukan masarauta sai da yardar Baitulmali.

Nijeriya ta gaji wannan fifiko. Dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a Agustan 2020, sun sa harajin da bai wuce na shekara guda ba cikin basussukan da ake fara biya idan an rushe kamfani, tare da wasu haƙƙoƙin ma'aikata. Ita kanta Ingila ta soke fifikon gwamnati da dokar 2002, ta dawo da wani sashensa a Disamban 2020 a kan kuɗaɗen da kamfani ya karɓa a madadin hukuma, kamar harajin da ya cire daga albashin ma'aikata. Wannan rarrabewa tana da makamanciya a fiƙihu, domin kuɗin da aka cire daga albashin wani amana ce a hannun mai kamfani, ba ya cikin dukiyar da masu bin bashi za su raba. A Amurka kuma doka ta yarda a wanke mutum daga harajin kuɗin shiga da ya haura shekara uku, da sharaɗin ya bayyana abin da ya samu bai yi ha'inci ba.

A aikace, dokar 1979 ba ta shiga rayuwar jama'a ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumin shari'ar karayar arziki, kuma ya hana wanda aka ayyana ya karye, ba a wanke shi ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Kuɗin lauya da kunyar ayyanawa sun isa su kori mai ƙaramin shago. Kotunan Shari'a da na gargajiya da Jihar Kaduna ta tsara a 2001 kuwa ba su da hurumi a kan haraji.

Darasin masaƙun Kakuri

Babbar karayar arzikin da kudancin Kaduna ya gani ta masaƙu ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa da sauransu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta Nijeriya. Tsadar wuta da man injuna, da tsufan na'urori, da kwararowar yadudduka daga waje suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Abin lura shi ne rufe ƙofa ba tare da an yi rabo ba ya fi cutar da mai ƙaramin haƙƙi. Hikimar taflisi ita ce alƙali ya tsayar da dukiyar da wuri, ya kira kowa, ya raba kafin ta lalace. Idan aka bar injuna suna tsatsa shekara da shekaru, banki mai jingina yana iya jira, hukuma ma tana iya jira, amma leburan da yake haya a Kakuri ko Sabon Tasha ba ya iyawa.

Halin da ake ciki

Jihar Kaduna ta tattara harajojinta a doka guda a 2016, ta sabunta ta a 2020, ta danƙa karɓarsu ga Hukumar Tara Haraji ta Jiha, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ta ɗora tarar kashi 10 cikin ɗari tare da kuɗin ruwa a kan wanda bai biya a kan lokaci ba, ta kuma ba hukuma ikon kama kaya, abin da ya sa garƙame wuraren kasuwanci ya zama sanannen mataki. Sauƙin da aka samu ya zo ne ta hanyar afuwa ta ɗan lokaci. Daga 1 ga Yulin 2017 zuwa 30 ga Yunin 2018 gwamnatin tarayya ta gudanar da shirin bayyana dukiya da kuɗin shiga da son rai, inda aka yafe tara da kuɗin ruwa ga wanda ya fito ya biya asalin bashinsa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 kuma sun ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Matakin farko ya fi amfanar mai hali da ya ɓoye, na biyu ya rage yawan masu shiga bashin tun farko. Wanda bashin ya riga ya hau kansa, jarinsa kuma ya karye, har yanzu ba shi da hanya mai sauƙi ta tabbatar da ƙuncinsa a tsayar da tarar.

Kammalawa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tarihin da aka bi ya nuna hanyoyi uku na mu'amala da wanda bashin hukuma ya fi ƙarfinsa. Fiƙihu ya bar bashin a wuyansa, amma ya daskarar da shi, ya hana a bi shi, ya kuma ba shi rabo a zakka. Harajin En'e bai san mai ƙunci ba, sai jimillar gari. Dokar da aka gada daga Ingila tana iya wanke mutum, amma ta sa hukuma a sahun gaba, ta bar tara da kuɗin ruwa suna hawa, ƙofarta kuma ta yi wa talaka nisa. Abin da babin taflisi zai iya ba masu tsara doka a Kaduna a bayyane yake: a rarrabe mai taurin bashi da mai ƙunci ta hanyar bincike mai araha, a tsayar da ƙari daga ranar da ƙunci ya tabbata, a bar wa mutum abincin iyalinsa kafin a taɓa kayansa, a kuma gabatar da kuɗin amana da haƙƙin ma'aikaci. Waɗannan ƙa'idoji ba su keɓanta ga Musulmi ba, kamar yadda manoman Sham da Hisham ɗan Hakim (RA) ya tsaya wa ba Musulmi ba ne, kuma mafi yawan mazauna Sabon Tasha a yau Kiristoci ne. Ya rage ga malamai da ɗaliban fiƙihu su fitar da wannan babi daga zauren karatu, su gabatar da shi ga majalisa da hukumar haraji da yaren da za su iya aiki da shi. Allah ne mafi sani.